Watanni Biyar a Wutsiyar Takarda

A Kassel, daidai inda jirgin titi ke lanƙwasa,
akwai bene mai gilasai, gidan motsa jiki.
Can na kai gwiwata bayan likita ya tsaga ta.
Na sa hannu, shekara biyu cur,
Yuro talatin da tara duk wata,
banki ya cira ko ina barci.

Ran sha ɗaya ga Nuwamba bututu ya fashe a rufi.
Na zo da tawul a jaka, na tarar da kwado
da 'yar takarda manne a ƙofa:
"Mun rufe na ɗan lokaci."
Ɗan lokacin nan har ya yi gemu.
Dusar ƙanƙara ta sauka, ta narke,
kekunan da dama ba sa zuwa ko'ina
suna tsaye cikin leda, ina leƙensu ta taga.
Banki kuwa bai rufe ba,
bai yi fashi ko sau ɗaya ba.

A Afrilu wasiƙa ta iso, da ladabi kamar sabon suruki:
"Uwargida Irmtraud, albishirinki,
ba ki yi asarar komai ba.
Watanni biyar ɗinki mun ɗaura su a wutsiyar kwantiragi."

Na hau benen da sanda, matakala ashirin da biyu.
Torben na bayan kanta, ƙirji kamar ƙyaure,
ido ya faɗa kamar rabonsa da barci tun bara.
Na ce, "Ɗana, wata ba dankali ba ne
da za a jibge a ɗakin ƙasa a ci baɗi.
Hunturun nan na saya, shi kaɗai,
lokacin da naman ke ɗanye, yana jin horo.
Yanzu gwiwa ta sandare, ta yanke shawararta.
Ka sayar mini da laima,
ka kawo ta bayan an ɗauke ruwa.
Kuma kafin kaka zan tattara in koma Kiel,
'yata Wiebke ta gyara mini ɗaki."

Ya juyo mini da allon kwamfuta.
"Sakin layi na tara," in ji shi.
Rubutu ƙanana kamar jerin kiyashi.
Na ce, "Wanda ya ci ladan kuturu
ai shi zai yi masa aski, kuma a ranar."

Sai ya zauna.
Ya ce mai ginin bai yafe haya ba,
'yan inshora kullum sai gobe.
"Mutum ɗari huɗu ne, Uwargida.
In kowa ya ce a mayar masa,
kwadon nan zai dawo, ba tare da 'yar takarda ba."
Ban amsa ba.
Bashi hanji ne, na ga nasa.

Da zan fita na tambayi Ottmar,
tsohon da ke tuƙa keken gefena,
yana ƙirga numfashi da ƙarfi, yana ba ni haushi.
Yarinyar da ke goge madubi ta sunkuyar da kai.
A Fabrairu, ta ce.
Matarsa ma ta sami wasiƙa irin tawa.
Shi ma an ƙara masa wata biyar.

Lauya ta ce gaskiya tawa ce, ba ko tantama,
ta rubuta mini takarda mai haƙora.
Yuro ɗari da casa'in da biyar.
Ga ta a jaka, tare da tawul,
na manna kan sarki tun shekaranjiya.

Akwatin wasiƙu rawaya na ƙasan benen.
Ina tsaye gabansa, gwiwa na zogi.
Daga sama ana jin ƙarafa suna faɗuwa,
wani yana ƙirgawa: bakwai, takwas,
bai kai tara ba.